"Komai-da-ruwanka": yabo ne ko zambo?

Malami, Gangare a Jos: Jama'a, ina neman fahimtarku. A unguwarmu akwai wani dattijo da yake ɗinke yoyon kwanon rufi, ya gyara famfo, ya ɗaura ƙofa, har ya taɓa wayarin idan wuta ta sami matsala. Na kira shi komai-da-ruwanka da niyyar yabo, sai na ga ransa bai so ba. Shin kalmar tana da aibi ne?

Kafinta, Katako: Malam, tana da shi a kunnen mai sana'a. Idan aka ce wa mutum "ba ruwanka", ana nufin ya tsame hannunsa, to wanda yake da ruwa a komai kuwa shi ne mai shiga abin da ba a gayyace shi ba. Mu da muka yi shekaru a gaban maigida kafin a yaye mu, abin da muke ji a cikinta shi ne mutum bai zauna ya ƙware a ko ɗaya ba, kuma taura biyu ba ta taunuwa.

Uwargida, Rikkos: Ban yarda da kai gaba ɗaya ba, ɗan'uwa. Ai Bahaushe ne ya ce sana'a goma maganin mai gasa. Idan marfin taga ya ɓalle cikin sanyin Disamba, babu kafintan da zai baro kasuwar Katako saboda ƙusa huɗu, amma irin wannan bawan Allah zai zo da guduma da filaya a buhunsa, ya gama kafin la'asar, ya karɓi abin da ya sawwaƙa.

Dattijo, Unguwar Rogo: Hajiya ta yi gaskiya, sai dai a bambanta shi da ɗan buga-buga, wanda yau dako, gobe dillanci, duk inda kuɗi ya ɓullo. Bayan gobarar babbar kasuwar Jos a 2002 na ga 'yan kasuwa sun shiga buga-buga ala tilas, alhali ba su iya riƙe zarto ba. Komai-da-ruwanka yana da aikin hannu. A ganina kalmar takan zama yabo idan ana ba da labarinsa a bayan idonsa, amma a gabansa gara a ce mai gyare-gyare.

Kafinta, Katako: Na karɓi wannan, Baba, amma ban da wayarin. Ƙofar da aka ɗaura a karkace ana iya sake ta, wayar da aka haɗa ba daidai ba kuwa gida take cinyewa.