Sati 12, an ce mabiyiya ta yi ƙasa kuma laulayi ya ɗauke

Maman Amira, Angwan Rogo:
Salam mata, dan Allah ku taimaka min hankalina ya tashi. Jiya na je sikanin, cikin sati 12 da kwana biyu, mai hoton ya ce yaro lafiya lau zuciya na bugawa amma wai mabiyiya ta sauko kusa da bakin mahaifa, ina cikin tambaya ya kira ta bayana, layi ya yi tsawo. Ga shi aman da nake ta shekawa tun sati na 6 ya tsaya cak, yau har dankali da ƙwai na ci ban ji komai ba, motsi kuma shiru. Hajiyarmu ta ce keken da nake hawa zuwa Terminus ne ya jijjigo ta. Wai haka ne?

Anti Nas, Rikkos:
Wa alaikumussalam ƙanwata, kwantar da hankalinki. Keke ba ya sauko da mabiyiya, inda ƙwan ya maƙale tun farko nan take fitowa. Yanzu mahaifar taki ƙarama ce, ba ta fi babban lemo ba, so ko ina mabiyiya ta zauna za a ga kamar tana kusa da baki, in mahaifa ta buɗe ta yi sama sai ta tafi da ita, yawancin mata haka suke. Za a sake dubawa wajen sati 20, in har tana ƙasa a kuma duba a sati 32.

Shi ko laulayi, sinadarin hCG, wanda jiki ke fitarwa in an samu ciki, shi ne ke kawo shi, yana tashi sosai wajen sati 10 daga nan ya fara sauka, a daidai lokacin mabiyiya ta gama karɓar aikin riƙe cikin, ita ke kai wa yaro abinci da iska ta cibiya ta kwashe masa datti. Shi ya sa da yawa suke samun sauƙi yanzu. Yaron tsayinsa kamar santimita 5 zuwa 6 ne, ga yatsu sun rabu, ƙoda ta fara fitsari, yana ma wutsil-wutsil ke ce ba za ki ji ba sai sati 16 zuwa 20. Amma in kin ga jini ko ɗigo ne, ko mara ta murɗa da ƙarfi, ki tafi asibiti a take ko da dare ne, kar ki jira ranar awo.

Ummu Sadiq:
Wlh ni ma haka aka ce min a cikin Sadiq, na yi kuka har idona ya kumbura, ko bokiti na daina ɗagawa a sanyin Jos ɗin nan maigida ke ɗora min ruwan wanka. Da aka sake hoto a wata biyar ta hau abinta, da kaina na haihu. Allah ya raba lafiya 'yar uwa.

Maman Amira, Angwan Rogo:
Amin na gode sosai. Anti to maganin ƙarin jini fa, na ajiye shi saboda amai.

Anti Nas, Rikkos:
A'a ki koma shansa yau ɗin nan, da folik asid ɗin, ki sha bayan tuwon dare in yana tayar miki da zuciya. Daga sati 13 za su fara ba ki Fansida, maganin kariya daga maleriya, a wajen awo, kar ki ƙi, maleriya na taruwa a mabiyiya ta hana yaro girma. Ki riƙa kwana cikin gidan sauro. Jiƙe-jiƙen gida kuma ko Hajiya ce ta haɗa, ki lallaɓa ta ki ce sai kin nuna wa likita.