Abin da aka tattauna kan gas da firji don zoɓo mai gas a gida

1. An yi ittifaƙi: CO2 (gas ɗin da ke sa abin sha kumfa) na abinci kaɗai za a saya. Silinda ta tsaya a tsaye, a ɗaure, kuma dole da regileta, wato na'urar daidaita ƙarfin fitar gas.
2. A shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo. Kumfa na nufin gas na zurarewa.
3. A kan sanyi ne aka rabu. Masu firiza ta kwance sun ce tana ɗaukar gangar zoɓo mai lita 19 fiye da ɗaya, tana kuma riƙe sanyi in an ɗauke wuta, sai dai tana buƙatar na'urar daidaita sanyi kada zoɓon ya daskare. Masu firji na tsaye sun ce ɗaga cikakkiyar ganga cikin firiza na karya baya. Ni dai ina bayan firiza, saboda wutarmu.
4. Kada a huda gefen firji don shigar da tiyo, bututun sanyi na iya bi ta nan.