Yadda Za A Koyar Da Musabbabin Juyin Juya Halin Amurka

Malaman tarihi da suka tattauna batun sun ce a fara daga 1763, ba 1776 da aka ayyana 'yancin kai ba. Yaƙin Shekara Bakwai ya bar Birtaniya cikin bashi, sai ta nemi yankunanta 13 na mulkin mallaka a Amurka su ɗauki wani kaso, ta kuma hana su ƙetare duwatsun Apalashiya don neman gonaki.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne ɗaukar cewa nauyin haraji ne ya tunzura mutane. Rigimar a kan wanda ke da ikon ɗora shi ce, tunda mazauna yankunan ba su da wakili ko ɗaya a majalisar Landan. Dokar shayi ta 1773 ma rage farashi ta yi, amma duk da haka masu adawa da dokar suka tuttular da akwati 342 na shayi a teku a tashar jiragen ruwa ta Boston ranar 16 ga Disamba.

A bi abubuwan da suka faru daki-daki: harajin hatimi (haraji kan takardu) 1765, soke shi 1766, harbin da sojojin Birtaniya suka yi a Boston 1770 (mutum biyar suka mutu), rufe tashar 1774, sannan faɗan garin Lexington, inda yaƙin ya fara, 19 ga Afrilu, 1775.

Wasu malaman sun ƙara da cewa kada a manta da masu biyayya ga Sarkin Birtaniya Joji na Uku, don ba kowa ne ya so ɓallewa ba.