Tantin da na saya mai araha ne, ya zan yi kada ya yi yoyo a damina?

Baban Ilham:
Salamu alaikum 'yan uwa. Na sayi tanti na mutum shida, irin mai sauƙin kuɗin nan na yadin roba, bango ɗaya ne, ba shi da rufi na biyu. Ina so in kai iyali gonarmu ta wajen Toro cikin Agusta mu kwana biyu tunda yara na hutu. Na gwada watsa masa ruwa da tiyo, jikin bai zuba ba, amma ɗinkin sama da gefen zif suna ɗiga. In shafa wani abu ne a ɗinkin, ko in sayi tamfol in rufa? Kuɗina ba su kai na sabon tanti ba.

Ɗan Gwanjo:
Wa alaikumus salam. Sayi na sojoji kawai, na zanen kanbas, ka huta.

Baban Ilham:
Yallaɓai ai na ce babu kuɗin sabo.

Maman Khalifa:
Baban Ilham, don Allah ka ji tawa. Bara muka je da yara, mai shago ya sayar mana da maganin fesawa, ya rantse ko ruwan Nuhu ba zai shiga ba. Muka fesa. Tsakar dare hadari ya taso, daga sama ba a ɗiga sosai ba, ta ƙasa ruwan ya shigo. Mun shimfiɗa leda a ƙarƙashi wadda ta fi tantin faɗi, ashe duk abin da ya gangaro daga rufi kanta yake sauka ya kwarara ƙarƙashinmu. Katifu suka jiƙe sharkaf, autana ya kwana yana rawar ɗari a cikin mota, sati guda muna fama da mura. Da na koma wurin mai shagon cewa ya yi ni ce ban iya fesawa ba. Har yau abin na ci mini rai.

Malam Tela:
Allah ya kyauta Hajiya. Ledar ƙasa dole a naɗe bakinta ta shige ciki, kada ta leƙo. Shi kuma ɗinki, duk inda allura ta bi rami ne. Ka juya tantin, idan siririn tef ɗin da ke kan ɗinkin ya fara ɓarewa ka cire shi, ka goge, ka bi da gam ɗin ɗinki na tanti, ka bar shi ya kwana ya bushe. Sannan tamfol a sama, a ɗaure shi da gangare, a bar tazara kada ya taɓa tantin, don iska ta ratsa. In babu iska, numfashin mutum shida ma kaɗai zai jiƙa bangon kafin asuba.

Ɗan Gwanjo:
Mu dai a da kyandir muke narkawa da kananzir mu shafa.

Injiniya:
Kada ka kuskura, da yara a ciki! A 1944 a garin Hartford na Amurka, tantin wasa da aka shafe da kaki da fetur ya kama wuta, mutum sama da 160 suka mutu. Haka kuma kada a shigar da murhun gawayi ciki don jin ɗumi, iskarsa tana kisa kuma ba a jin warinta.

Ɗan Gwanjo:
Injiniya kai ka taɓa kwana a daji kuwa, ko daga waya kake karanto mana?

Injiniya:
Malam Tela da ke ɗinka rumfa kullum ma ba ka saurare shi ba.

Na Hajiya:
Baban Ilham, ka tambayi uwargida tukuna, wataƙila ita ma addu'a take tantin ya yage a fasa tafiyar.

Baban Ilham:
Ita ce ma ta kawo shawarar. Nawa tamfol yanzu?

Malam Tela:
Na sayo mai shuɗin nan dubu 18 watan jiya.

Maman Khalifa:
Dubu 18 a ina? Dubu 35 aka ce mini, shi ma da na ɗaga shi a rana ina hango haske ta jikinsa.

Na Hajiya:
Ai tamfol ɗin yanzu sai a hankali. Wanda na rufe masarata da shi damina ɗaya ya yi ya fara marmashewa, buhu uku suka yi fumfuna. Na mahaifinmu kuwa har yau ana shanya a kansa.

Ɗan Gwanjo:
Shi ya sa nake cewa ku nemi tsohon na babbar mota. Waye ya san inda ake yankawa a sayar a Bauchi?