Me ya sa doka ke kare ramukan ruwa na tsofaffin gidajen karkarar Ingila?

Bala: Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske a kan gidajen masu manyan gonaki na karkarar Ingila waɗanda aka kewaye da ramin ruwa. Na ji cewa doka tana kare har waɗanda gininsu ya rushe tuntuni, babu abin da ya rage sai ramin da filin da ke tsakiyarsa. Mene ne amfanin kare wurin da tumaki kawai ke kiwo?

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam Bala. Akwai irin waɗannan wurare kimanin 6,000 a Ingila, akasarinsu an haƙa su tsakanin 1250 da 1350, musamman a gabashin ƙasar, inda ƙasar yumɓu ke riƙe ruwa. Dukiyar tana ƙarƙashin ƙasa ne, domin laka mai jiƙe ba ta barin iska ta shiga, saboda haka katako da fata da ƙwayoyin tsirrai sukan daɗe ɗaruruwan shekaru ba su ruɓe ba, kuma daga su ne masana ke gane abin da mutanen gidan suka ci da abin da suka noma. Shi ya sa dokar kare kayan tarihi ta 1979 ta hana yashe ramin da aka sa a rajistar kayan tarihi, ko haƙa a cikinsa, sai da izinin gwamnati bisa shawarar hukumar Historic England mai kula da wuraren tarihi na Ingila.

Malam Isa: Zan ƙara da cewa ramukan ba na yaƙi ba ne kamar ramin ganuwa, nuna matsayi ne ya fi yawa, sai kariya daga ɓarayi da kiwon kifi. Misali, gidan Little Moreton Hall mai ramin ruwa da ke gundumar Cheshire, wanda iyalin Moreton suka fara ginawa a farkon ƙarni na 16 suka kammala wajen 1610, bene ne na katako mai tagogin gilashi birjik, wanda ko ƙaramar runduna ba zai iya tarewa ba. Tun 1938 yana hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi.

Bala: To, idan har yanzu mutane na zaune a gidan fa?

Malama Hadiza: Gidan da ake zaune a ciki yana shiga rajistar gine-ginen tarihi ne, wadda dokarta daban ce, ramin da ƙasar da ke kewaye kuma su shiga rajistar kayan tarihi. Mai gida yana nan da mallakarsa, kuma rajistar ba ta ba jama'a damar shiga ba.