Laifi ɗaya, hukunci biyu: me kuka gani a makarantun yaranku?

Maman Abba (Ohio): Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar Talata raina yake a ɓace. Abba, ɗan shekara 9, sun yi ture-ture da wani yaro farar fata a layin abinci. Nawa aka dakatar da shi kwana biyu, aka rubuta a takarda wai yana da zafin hannu. Ɗayan kuwa uwarsa kawai aka kira, aka ce gajiya ce ta dame shi. Abban da ko yatsa aka sa masa a baki ba zai ciza ba! Akwai wanda ya taɓa ganin irin wannan?

Baban Zahra (Maryland): Wa'alaikumussalam Hajiya, ba ke kaɗai ba ce. Ma'aikatar ilimin Amurka da kanta ta fitar da rahoto a 2014 cewa ana dakatar da ɗalibai baƙar fata ninki uku na farare. Gwamnatin Obama ta kawo ƙa'idojin gyara a shekarar, gwamnatin Trump ta soke su a Disamban 2018. Da abin ya faɗo kan Zahra, na ce a ba ni komai a rubuce: wa ya gani, me aka yi wa ɗaya yarinyar. Nan take murya ta sauka, aka goge hukuncin.

Anti Hauwa (Landan): Nan ma haka ne. Ba mu manta yarinyar nan 'yar shekara 15 ba a unguwar Hackney ta nan Landan, da 'yan sanda suka tuɓe a makaranta a 2020 bisa zargin tabar wiwi, ba a samu komai ba. Amma aljihu ma yana magana. Ni sharar ofis nake yi da dare. Ɗana da ɗan maƙwabciyata, likita, baƙa kamar ni, tare aka kama su sun tsallake aji. Ita ta rubuta wasiƙa da Turancin manya, washegari ɗanta ya koma. Ni na je da bacci a idona, minti biyar aka ba ni, nawa ya yi kwana uku a gida.

Malam Tsoho (Kano): Mu da fatarmu ɗaya ba mu tsira ba. Na koyar a wata makarantar kuɗi ta kwana. An kama yara biyu da waya a ɗakin kwana. Kafin la'asar mota mai baƙin gilashi ta tsaya ƙofar ofishin shugaba, aka mayar wa ɗan mai motar wayarsa har da ban haƙuri. Na biyun ɗan mai gadinmu ne, kyauta yake karatu. Bulala shida a gaban taron safe, uban yana tsaye bakin ƙofa yana kallo. Ni aka miƙa wa bulalar, kuma na karɓa. Har yau in na tuna sai in yi istigfari.

Maman Abba (Ohio): Allah Ya yafe mana, Malam. Baban Zahra, ranar Litinin za mu je da Baban Abba, za mu nemi a rubuce. Jiya da dare yaron ya tambaye ni ko malamarsa ta daina sonsa ne.