Muhawara a zauren tsofaffin ɗalibai: shin "severally" na nufin sau da yawa?

Alhaji na Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum jama'a. Mu biyar 'yan ƙungiyar masu hatsi za mu amshi rance a banki, takardar ta ce "jointly and severally liable". Ni na ce masu severally ai sau da yawa kenan, wato tare za mu biya kuma kaɗan-kaɗan ba tashi ɗaya ba. Wani cikinmu ya ce sam. Ku raba mana gardama.

Malam: Wa alaikumus salam. Alhaji don Allah kar ka sa hannu tukuna. Severally a Turancin asali ma'anarta kowa daban, ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa kuwa "several times" ake cewa, kama kawai suka yi.

Autan zaure: Malam da girmanka amma ban yarda ba. A watan Janairun 2020 ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya guda 29, akwai okada, danfo, next tomorrow, har da Kannywood ɗinmu, kuma severally na ciki da ma'anar sau da yawa. In masu harshen da kansu sun amsa, mi ya sa mu za mu riƙa cewa kuskure ne?

Malam: Gaskiyarka sun shigar, ban musa ba. Amma aikin ƙamus shi ne ya rubuta yadda mutane ke magana, ya nuna wannan ma'anar ta 'yan Najeriya ce, bai goge tsohuwar ba tana nan daram.

Hajiya lauya: Ku dakata, maganar nan ta wuce ta ƙamus. Alhaji, jointly and severally magana ce ta shari'a, abin da take nufi shi ne bashin yana kanku gaba ɗaya kuma yana kan kowane ɗayanku shi kaɗai. A ce miliyan 5 kuka amsa, mutum huɗu suka gaza, banki na da ikon ya bar su ya zo shagonka ya nemi miliyan 5 ɗin cif a hannunka, ba miliyan 1 da kake ganin ita ce rabonka ba, sai daga baya kai ka bi sauran su biya ka in suna da shi. Babu maganar biya kaɗan-kaɗan a wurin, wannan instalment ake kiransa kuma a wani sashe daban ake rubuta shi.

Alhaji na Ƙofar Ƙaura: Innalillahi. Ko da ban ci kuɗin ba Hajiya?

Hajiya lauya: Ko da ba ka taɓa kwabo ba, tunda ka sa hannu.

Autan zaure: Na ji wannan Anti, amma ni dai ina kan bakana a maganar yau da kullum. Wanda ya ce "I called you severally" kowa a Katsina ya gane shi, kamar "borrow me your biro" da yara ke cewa.

Malam: To wannan ma ita ce ke cin 'ya'yanmu a WAEC da NECO. Borrow kai ne mai amsa, lend kai ne mai bayarwa. Mu a Hausa "ara" ɗaya ce, na ari littafi, na ara mashi littafi, shi ya sa yaro ke ɗauko borrow ya sa ko'ina. Mu kuma inda muka raba su ba su raba ba, aro abin da za ka maido shi kanshi kamar keke, rance kuwa kuɗi ko hatsi da za ka maido madadinsu, su duk borrow ne. Abin na damuna ƙwarai, yaro mai ƙoƙari ya rasa maki a kan abin da minti biyar ya isa a gyara mashi.

Autan zaure: A jarrabawa na yarda Malam. A hira kam ba zan gyara wa kowa ba.

Alhaji na Ƙofar Ƙaura: Hajiya, ana iya sa su rubuta kowa rabonshi kawai?

Hajiya lauya: Ana iya nema, sai dai da wuya banki ya yarda don wannan sharaɗin ne kariyarsu. Ka kawo takardar gobe bayan azahar mu duba tare, ka zo da sauran huɗun su ji da kunnensu.